Matuƙin jirgin da ya jefa bam a Hiroshima bai haukace ba

Jama'a, wataƙila an taɓa turo muku wannan saƙon: wai matuƙin da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ya haukace saboda nadama, ya ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali. Labarin ya daɗe yana yawo, kuma ba daga iska aka ɗauko shi ba. Mutum biyu ne aka cakuɗa, aka mayar da su mutum ɗaya.

Ga na farkon. Paul Tibbets, an haife shi a 1915 a jihar Illinois ta Amurka. Ya fara karatun likita ya bari, ya shiga tuƙin jirgin soja. A watan Agustan 1942 yana cikin jirgin da ya jagoranci harin farko da manyan jiragen Amurka suka kai Faransa, a birnin Rouen, lokacin ƙasar na hannun Jamus. Shi ya tuƙa Janar Eisenhower zuwa Jibralta. A 1944 aka ba shi wata runduna ta sirri mai lamba 509, yana ɗan shekara 29. Shi ya tuƙa jirgin da ya jefa bam ɗin, mai suna Enola Gay, sunan mahaifiyarsa ke nan.

To, a nan nake so ku natsu, don a nan aka ruɗe.

Ranar 6 ga Agusta 1945, ba jirgi ɗaya ne ya tashi daga tsibirin Tinian da ke tekun Pasifik ba. Umarnin da aka bayar shi ne kada a saki bam ɗin sai mai saiti ya ga garin da idonsa. In gajimare ya rufe, a nufi wani gari. Shi ya sa aka tura jirage uku su riga su yi gaba su duba sama: ɗaya Hiroshima, ɗaya Kokura, ɗaya Nagasaki.

Wanda ya je Hiroshima sunan jirginsa Straight Flush, matuƙinsa kuma Claude Eatherly. Babu bam ɗin a jirginsa. Ya isa wajen ƙarfe bakwai na safe, ya ga sama garau, ya aika wa Tibbets saƙo ta rediyo cewa hanya a buɗe take, ya juya. Bai ma ga fashewar ba. Abin da ya fi sosa mini rai a nan shi ne, zuwan jirginsa ya sa aka kaɗa jiniya a garin, da ya wuce aka sanar cewa haɗari ya kau. Mutane suka fito, masu zuwa aiki suka kama hanya, ɗalibai suka fita.

Ƙarfe 8:15 Enola Gay ya iso. Mai saiti, Thomas Ferebee, ya auna gadar Aioi ya saki. Bayan daƙiƙa kusan 43 bam ɗin ya tashi a sama, kimanin mita 600 daga ƙasa. Zuwa ƙarshen shekarar, an ƙiyasta mutum kusan 140,000 sun mutu.

Tibbets yana sauka aka maƙala masa lambar yabo a ƙirji, a nan filin jirgin.

Eatherly ne rayuwarsa ta lalace. An sallame shi daga soja a 1947. Ya shiga buga cek na bogi da fasa ofisoshin gidan waya a Texas, ya yi yunƙurin kashe kansa, aka yi ta kwantar da shi a asibitin tsofaffin sojoji da ke Waco. Jaridu suka ɗauki labarinsa, wasu suka riƙa kiransa matuƙin Hiroshima kai tsaye. Daga 1959 ya fara musayar wasiƙu da wani masanin falsafa, Günther Anders, aka buga su littafi, masu adawa da makaman nukiliya suka rungume shi. Ciwon daji ya kashe shi a 1978.

Tibbets kuwa ya kai muƙamin birgediya janar, ya yi ritaya a 1966, ya shugabanci wani kamfanin hayar jiragen sama a Ohio. Har ya mutu bai nemi gafara ba. Ya sha faɗa cewa bai taɓa rasa barci kan lamarin ba, domin a ganinsa bam ɗin ya kawo ƙarshen yaƙi, ya hana mamayar Japan da za ta ci rayuka da yawa. Masana tarihi suna ta jayayya kan hakan har yau. Amma akwai abin da ni ban ga hanyar kare shi ba: a 1976, a wani bikin nunin jirage a Texas, ya tuƙa B-29, irin jirgin da ya jefa bam ɗin, aka kwaikwayi harin har da hayaƙinsa, 'yan kallo na kallo. Japan ta fusata, sai da gwamnatin Amurka ta ba da haƙuri.

Ya rasu a 2007 yana da shekara 92. Ya bar wasiyya kada a yi masa jana'iza ko kabari mai alama, don kada masu zanga-zanga su mayar da wurin matattara. Jirgin Enola Gay yana nan a gidan tarihin Smithsonian da ke Virginia. Jikansa, Paul Tibbets na huɗu, shi ma matuƙin jirgin yaƙi ne, kuma a 2015 ya zama kwamandan rundunar 509, wadda yanzu ke tuƙa jiragen B-2.