Aji na uku ba ya nufin saura ɗaya: yadda ake auna tsananin hawan jinin huhu

[Hoto: katin asibiti a hannu. Kyamara ta matsa kan rubutun likita: WHO FC III]

Irin wannan rubutun, wato aji na uku a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na tsananin hawan jinin huhu, kuka yi ta turo mana kuna tambaya. Mutum ya dawo daga asibiti da katinsa, wani mai karambani a zaure ya duba ya ce, "Na uku ke nan, saura ɗaya." Kafin la'asar an fara shigowa jaje. Jama'a, a dakata da jajen tukuna.

[Hoto: fadamar Argungu da rani, injin ban ruwa yana aiki]

Da farko, ciwon. Kun ga injin nan? Ɓangaren dama na zuciya ke nan, shi ke tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska. Yanzu a taka tiyon.

[Ƙafa ta taka tiyo, ƙarar injin ta canza]

Kun ji yadda ya fara gurnani. Haka ake yi idan ƙananan jijiyoyin jinin huhu suka yi kauri suka tsuke. Shi ne hawan jinin jijiyoyin huhu. Abin awon da ake ɗaura maka a dantse ba ya ganinsa, yana iya nuna lafiya lau alhali zuciya tana can tana fama. Sai an yi hoton zuciya, sannan a tabbatar da siririn bututu da ake zurawa ta jijiya har cikin zuciya. Da can sai awon matsin jinin huhun ya kai 25 ake cewa ciwon ne. Ƙa'idar likitocin Turai ta 2022 ta ce abin da ya haura 20.

Wannan lambar daban, ajin daban. Ajin ba na'ura ke fitar da shi ba. Daga bakinka yake fitowa.

[Rubutu a allo: I, II, III, IV]

A 1998 aka yi taron masana a garin Evian na Faransa, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Suka aro tsarin da likitocin zuciya na New York suka daɗe suna aiki da shi, suka gyara shi ya dace da wannan ciwo. Aji huɗu. Makaranta ce da ba a son ƙarin aji, kowa fatansa a mayar da shi baya.

Aji na ɗaya: ciwon yana nan, amma kana harkokinka ba haki, ba jiri, ba ciwon ƙirji. Aji na huɗu: ko motsi kaɗan wahala ne, wani lokaci kana zaune ma numfashi yana gagara, ƙafafu sun kumbura, ciki ya tara ruwa. Waɗannan biyun ba a cika rikita su ba. Rikicin yana tsakanin na biyu da na uku, kuma nan za mu zauna.

[Hoto: tsakar gida. Turmi, guga, tsintsiya]

Dukansu biyun, in kana zaune ba ka jin komai. Shi ya sa mai zuwa dubiya yake cewa, "Ai jiki ya yi kyau." Bambancin shi ne wane aiki ne yake tayar da hakin. A aji na biyu, aikin da aka saba yi kullum ne: daka, jan ruwa a rijiya, tafiya kasuwa da kaya, hawan bene. Kana yi, amma sai ka tsaya ka huta a inda da ba ka tsayawa. A aji na uku kuwa, abin da ko aiki ba a kiransa shi ke kawo haki. Wanka. Sa riga. Daga ɗaki zuwa makewayi. Shara kaɗan a ƙofar ɗaki, sai a jingina da bango.

Sauƙi a faɗa. Yanzu ku saurari yadda abin ke faruwa a ɗakin likita.

[Murya biyu, hoton kujera da tebur]

"Baba, ya jikin?"
"Alhamdulillahi, likita, da sauƙi."
"Kana haki in kana aiki?"
"A'a, ko kaɗan."

Kuma Baba bai yi ƙarya ba. Ba ya haki saboda ya daina aikin! Gonar shinkafa ya bar wa yara tun bara. Masallacin Juma'a da yake takawa, yanzu a babur ake kai shi. Sallah a zaune yake yi, ya ce gwiwa ce. A hankali ya rage rayuwarsa har ta dawo daidai da numfashinsa, shi kansa bai lura ba. Likita mai layin mutum hamsin a waje sai ya rubuta na biyu, alhali Baba ya daɗe a na uku.

Ni dai a ganina, "da sauƙi" ɗin nan tamu tana da kyau wurin gaisuwa, amma ta ɓata katin asibiti da yawa. Mata sun fi shiga wannan tarkon, ga kunya ga kawaici, kuma ciwon ya fi yawa a cikinsu. Inna za ta ce ba komai, alhali surukarta ce ta karɓi daka da ɗebo ruwa wata shida da suka wuce.

Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce: me kake yi bara da ba ka yi bana?

Suma kuma ba ta jiran ranar ganin likita. Wanda ya yanke jiki ya faɗi yana cikin aiki, a kai shi asibiti ranar.

[Hoto: doguwar barandar asibiti, ma'aikaciyar jinya riƙe da agogo]

Da yake baki yana ɓoyewa, akwai gwajin tafiyar minti 6. Ka yi ta kai da komo a baranda, a auna nisan. Sama da mita 440 alama ce mai daɗi. Ƙasa da 165, haɗarin yana da girma. Sai gwajin jini mai suna NT-proBNP da ke nuna yadda zuciya take wahala. Likita yana haɗa ukun, wato ajin da gwajin tafiya da na jini, kafin ya yanke irin maganin da zai ba ka da ƙarfinsa.

Wani abin da ke rikita mutane: in ka ga an rubuta rukuni na 1 zuwa na 5, wannan maganar musabbabin ciwon ce. Masu sikila, misali, ana sa su a rukuni na 5. Ba ya nufin sun fi kowa tsanani.

[Koma kan katin farko]

To, wancan "saura ɗaya". Aji yana sauka. Mutum yana iya zuwa a na uku, ya samu maganin da ya dace, bayan 'yan watanni ya koma na biyu, kuma abin da likitoci ke nema ke nan. Ɗaya daga cikin magungunan ma kun san shi, sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra. Eh, shi. Ku gama dariyar, amma kada wanda ya je kemis ya saya wa kansa, don a wasu rukunan yana iya ƙara dagula lamarin.

[Hoto: Baba da ɗiyarsa a kan benci, suna jiran a kira su]

Ranar komawa asibiti, a tafi da wanda yake kwana gida ɗaya da mara lafiyan. In Baba ya ce da sauƙi, ita sai ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, bari in gaya wa likita. Tun azumi ko alwala ya yi sai ya zauna ya huta."