Abin da na gani a zawiyar Maulana Rumi a Konya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da wannan dare.

An ce in ba ku labarin ziyarar da na kai Konya ta ƙasar Turkiyya, inda Maulana Jalaluddin Rumi, babban malamin Sufaye kuma mawaƙi, yake kwance. Daga Ankara jirgin ƙasa mai gudu bai cika awa biyu ba ya sauke mu. Tun daga nesa za ka hango kubbar nan mai launi tsakanin kore da shuɗi, wadda aka fara ginawa a 1274, shekara guda bayan rasuwarsa.

A taƙaice, an haifi Maulana a 1207 a yankin Balkh. Mahaifinsa Baha'uddin Walad, wanda ake wa laƙabi da Sultanul Ulama, ya yi hijira da iyalinsa har suka zauna a Konya zamanin sarkin Saljuk, Ala'uddin Kaikubad. Da mahaifin ya rasu a 1231 sai aka binne shi a lambun furannin sarki. Nan aka kawo Maulana bayan ya cika ranar 17 ga Disamba 1273. Ɗansa Sultan Walad shi ya tsara ɗariƙar Maulawiyya, wurin ya zama uwar zawiyoyinta sama da shekara ɗari shida.

Sai 1925. Ranar 30 ga Nuwamba, majalisar sabuwar jamhuriyar Mustafa Kamal Ataturk ta zartar da doka mai lamba 677, aka rufe zawiyoyi da hubbarori a faɗin ƙasar. Wannan gida bai rushe ba, amma an sallami masu shi. A 1927 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, a 1954 aka sa masa sunan Maulana.

To, jama'a, a takarda gidan tarihi ne. Amma ku zo ku ga bakin ƙofa. Ana ba ka leda ka sa a kan takalminka, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan yawon buɗe ido. Kana shiga sai ka ji muryoyi sun yi ƙasa da kansu, sautin sarewa na tashi a hankali. Wata tsohuwa a gabana ta tsaya daidai shingen da ya raba mu da kabarin, ta ɗaga hannu, hawaye na zuba, leɓunanta na motsi da Fatiha. Wanda ya taɓa shiga Hubbaren Shehu a Sakkwato ya san wannan tsayuwa. Kusa da ita wani baƙo ne da jagoransa, ana yi masa bayanin zinariyar da aka yi wa mayafin kabarin ado da ita. Ɗaki ɗaya, ƙofa ɗaya, amma ba abu ɗaya ya kawo su ba.

Akwai akwatin katako dogo a kan kabarin mahaifin, wanda in ka kalle shi sai ka ce a tsaye yake. Mutanen gari na cewa uban ne ya miƙe don girmama ɗansa. Masana tarihin wurin kuwa sun ce tun asali don Maulana aka sassaƙa shi, daga baya aka mayar da shi kan mahaifin. Na faɗa muku duka biyun don ku san wanne ne tarihi, wanne ne ƙauna.

Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai ba hubbaren ba ne. Madafa ce.

Ku saurara da kyau, musamman ku matasa. A Maulawiyya, wanda ya zo neman shiga ba a kai shi gaban shehi a ba shi wuridi nan take. Ana zaunar da shi a kan buzu kusa da ƙofar madafa kwana uku, yana kallon wahalar da ke jiransa. In an ga bai dace ba, ba wanda zai ce masa uffan. Takalminsa kawai za a juya ya fuskanci waje, shi kuma ya gane, ya fita da mutuncinsa. Ku dubi wannan ladabi! In an karɓe shi, sai hidima ta kwana 1001: shara, wanke-wanke, ɗebo ruwa, cefane, har wankin makewayi. Ɗan attajiri da ɗan talaka duk tsintsiya ɗaya. A cikin madafar nan yake koyon juyin zikirin da suke kira sama'i. Sai ya kammala za a ba shi ɗaki, a kira shi Dede. Ɗakunan nan suna jere a tsakar gida, Sarkin Turkawa Murad na Uku ya gina su a 1584.

Yau in ka leƙa madafar, mutum-mutumi ne zaune, an sa musu tufafin muridai, tukwane ba wuta. Wallahi na daɗe a tsaye a wurin. Dokar ba ta taɓa ginin ba, ba ta taɓa tukunyar ba. Abin da ta ɗauke shi ne dattijon da zai dubi yaro kwana uku ya san abin da ke zuciyarsa.

Shi kansa sama'in yana nan, UNESCO ma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya. Ana yin sa a wani babban zaure a cikin gari, mutane na zaune a kujeru suna kallo, musamman a Disamba lokacin Shabi Arus, wato daren angwanci, sunan da suke kiran daren rasuwar Maulana da shi. Doguwar hular da masu juyin ke sawa tana nufin dutsen kabarin son zuciya, farar rigar likkafaninta, baƙar alkyabbar da ake tuɓewa kuwa kabari. Hannun dama na sama yana karɓa, na hagu na ƙasa yana bayarwa. Da yawa cikin masu kallo ba wanda ya faɗa musu wannan.

Kada ku ce na zo kushe gidan tarihi. A'a, adalci ya wajaba. A cikin akwatin gilashi na ga kwafin Masnawi, littafin waƙoƙin Maulana, da aka rubuta a 1278, shekara biyar kacal bayan rasuwar mai shi, littafi mai baiti wajen dubu 25 da Farisanci. Na ga Alƙur'anai rubutun hannu, da riguna da hulunan da ake jingina wa Maulana, an tsare su daga danshi da hannun mutane. Sai na tuna gafakokin kakanninmu da ke jibge a ɗakunan zaure, gara na ci, damina na jiƙawa, magada kuma kowa na cewa nasa ne, ba a buɗewa. Wannan ya dame ni ƙwarai, har yanzu yana damuna.

Da zan fito na bi ta maƙabartar muridai da ke cikin gidan. Su ba sa ce mata maƙabarta. Hamushan suke cewa, wato masu shiru. Duwatsun kaburburan an sassaƙa musu hula a ka, irin wadda masu su suka sa suna raye. Na yi musu sallama, na yi alwala a famfon tsakar gida, na tsallaka masallacin Salimiyya da ke daura da shi na yi La'asar.

Na ga ladan ya miƙe. Masu tambaya su riƙe ta, bayan Isha'i sai mu zauna.