Jona fitilar hazo, fitilun gefe da ƙwan LED a tsohuwar mota

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Ku dubi wannan makunnin fitila da ke hannuna. Kun ga bayansa, inda robar ta narke ta yi baƙi? Fitilun hazo guda biyu aka jona masa kai tsaye, ya yi ta ɗaukar nauyin da ba nasa ba har ya ƙone. Wayarin tsohuwar mota an auna shi ne daidai da wutar da fitilunta na asali ke ja. Fitilar hazo tana jan wuta fiye da haka, ƙwan LED kuma yana ja ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kuma kowanne da irin rigimar da yake haddasawa.

Mu fara da mai ci da yawa. Ƙwan fitilar hazo da aka saba, irin H3, wat 55 ne. Guda biyu sun zama wat 110. Ku raba da bolt 12 na batir, za ku samu amp 9 da ɗoriya. Wannan wuta ce mai yawa ga makunnin da ya shekara talatin yana aiki da siririyar waya. Shi ya sa ake sa rile, wannan ɗan baƙin akwati mai ƙafa huɗu. Ku juya shi, akwai lamba kusa da kowace ƙafa: 30, 87, 85 da 86. Ƙafa ta 30 ita ke karɓar wuta daga fozitif na batir, 87 ta miƙa ta ga fitilun. Ƙafa ta 85 a ɗaure ta a jikin mota, 86 kuma ta tafi wurin makunnin da kuka sa a dashbod. Idan kun danna makunnin, wutar da ke bi ta cikinsa ba ta kai rubu'in amp ɗaya ba, aikinta kawai ta ja ɗan maganaɗisun da ke cikin rile. Za ku ji ƙas, babbar wuta ta wuce ta hanyarta.

Wayar da ta taso daga batir ta zama mai kauri, milimita sikwaya 2.5 ta wadatar, a sa mata fis na amp 15. A nan nake son ku ba ni hankalinku: fis ɗin ya zauna dab da batir, kamar taƙi ɗaya. Waya yake karewa, kuma duk tsawon da ke tsakaninsa da batir a buɗe yake. Idan wayar ta goge a jikin ƙarfe kafin ta iso fis, babu abin da zai yanke wutar, sai dai hayaƙi. Inda waya za ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota kuwa, a sa zoben roba a ramin. Kafin ku taɓa komai ma, ku cire kan negetif na batir.

Wutar da za ta shiga makunnin, ni na fi son a ɗauko ta daga layin ƙananan fitilu. Da kun kashe fitilun mota, ta hazo ma ta mutu, ba za ku wayi gari batir ya sauka ba.

A ɗaura fitilar ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin bamba, a ɗan sunkuyar da ita. Haskenta mai faɗi ne, an yanke samansa, don ya bi ta ƙasan hazo ya nuna muku bakin titi. Idan ta ɗaga kai, hasken zai daki hazon ya dawo idonku, ya kuma kashe wa mai zuwa ido. Masu son rawaya suna da tarihi a bayansu, don Faransa ta yi fiye da shekara hamsin tana wajabta rawayar fitilar gaba, sai a 1993 ta bari. Amma saiti ya fi launi tasiri.

Fitilun gefe ba su da ci, ƙwan wat 5 ne ko ƙasa da haka. Amurka ce ta wajabta alamar gefe a motoci tun 1968, ruwan lemo a gaba, ja a baya, domin a hango mota daga gefe da dare. Jona su ba wuya: waya ɗaya a layin ƙananan fitilu, ɗaya a jikin mota. Akwai kuma wata dabara mai ban sha'awa. Maimakon jikin mota, sai a kai waya ta biyu layin sigina. Da rana fitilar gefe za ta riƙa ƙiftawa tare da sigina. Da dare tana kunne, idan an sa sigina sai su yi karɓa-karɓa, wannan ta kama waccan ta mutu. Abin yana yiwuwa ne saboda ƙwai mai zare bai damu da ta inda wuta ta shigo masa ba.

Shi kuwa LED ya damu. Da yawansu ta hanya ɗaya kawai suke barin wuta ta bi, don haka waccan dabara rabinta za ta yi aiki. Idan kun sa sabon ƙwai ya ƙi kamawa, ku zare shi ku juya kafin ku ce ya mutu. Masu tsofaffin motocin Ingila na kafin tsakiyar shekarun 1960 su lura, da yawansu fozitif ne a ɗaure a jikin mota, sai an nemo ƙwan da aka yi dominsu.

Sai babbar rigima, wato sigina. Ƙwan sigina na asali wat 21 ne, yana jan kusan amp 2. A cikin tsohuwar fulasha, wato 'yar na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, akwai ɗan siririn ƙarfe da wannan wuta ke ɗumamawa, ya lanƙwashe ya yanke ta, ya huce ya dawo. Ƙiftawar ke nan. LED ba ya jan abin da zai ɗumama shi, sai fitila ta tsaya cak. A motocin da suka biyo baya, fulasha tana ɗauka ƙwai ya mutu, sai ta kama ƙiftawa da sauri kamar ana korar ta, alhali ƙa'ida tsakanin sau 60 zuwa 120 ne a minti. Magani biyu ne. Ko a sa rizista mai om 6, wat 50, a kowane ƙwai, wato abin da zai ja wutar da LED bai ja ba, ko a sauya fulasha da wadda aka yi don LED. Ni ta biyun na zaɓa. Rizista tana ƙone wutar da kuka so tattalawa, tana kuma zafin da zai narkar da roba, dole sai an ɗaure ta a ƙarfe.

Launin ƙwai ya dace da murfinsa, ja a bayan jan murfi, in ba haka ba fitilar birki za ta dusashe. Ƙwai ɗaya kuma nake roƙonku ku ƙyale: na alamar batir a dashbod. A tsofaffin motoci da yawa ta cikinsa 'yar wutar da ke tayar da altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, take bi, idan kun mai da shi LED mota tana iya ƙin caji.

Idan kun gama kuka ga fitila tana lumshewa, ko kun taka birki sigina ta kama, ku fara duba inda aka ɗaure waya a jikin mota. Ku kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ku ɗaure tam, sannan ku kunna fitilar ku auna tsakanin wurin da negetif na batir. Idan mita ta nuna fiye da 0.2 na bolt, ku sake kankarewa.