Hoton Gidan da Ba a Gina Ba: Lacca ga Ɗaliban Zanen Gine-gine

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, ƙannena ɗalibai, ina yi muku barka da yamma. Na san azahar ta wuce kuma cikin wasu ya fara kiran ciroma, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Sana'ata ita ce in nuna wa mutum gidansa kafin a haƙa ramin tushe. Mai zanen gini yana ba ni fulan, ni kuma in tayar da shi a kwamfuta, in sa masa fenti da tayil da rana da inuwa, har mai kuɗi ya kalla ya ce a fara. Yawancin masu gina gida ba sa iya karanta fulan. Layuka kawai suke gani. A wannan giɓin muke cin abinci.

Sana'ar ta girmi kwamfuta. A Niyok, cikin shekarun 1920, akwai Hugh Ferriss wanda ya karanci zanen gini amma ya shahara da zana wa wasu dogayen benayensu da gawayi. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki. AutoCAD ya fito a 1982. SketchUp ya fito a 2000, Google ya saye shi a 2006, ya sayar wa Trimble a 2012. Revit ya koma hannun Autodesk a 2002. Na kawo shekarun ne don ku ga yadda manhaja take sauya hannu kamar motar haya.

Tambayar da ake yawan yi mini ita ce, Yallaɓai, wace manhaja zan koya? To, aikin kashi biyu ne. Akwai wadda ake gina siffar da ita, irin su SketchUp, Revit da 3ds Max. Akwai kuma wadda take lissafa yadda haske ke sauka a bango ya koma kan daɓe, abin da muke kira renda. A nan ne za ku ji V-Ray na kamfanin Chaos da aka kafa a Bulgeriya, da Corona da aka ƙirƙira a Jamhuriyar Cek, wanda Chaos ɗin ya saye a 2017. Waɗannan suna cin lokaci, amma hotonsu ya fi kama da na kyamara. Lumion, Enscape, Twinmotion da D5 kuwa nan take suke nuna maka, kana juya gini kwastoma yana kallo. Wanda aljihunsa bai da nauyi ya kama Blender. Kyauta ce tun 2002, kuma ba ta raina kowa ba. Ku zaɓi ɗaya a kowane kashi ku iya ta sosai. Na ga yara masu manhaja bakwai a laftof, ba su iya saita kyamara yadda bango zai tsaya miƙe ba.

Yanzu ga inda nake son ku ba ni hankalinku.

Aikina na farko da aka biya ni, gidan wani Alhaji ne. Na kwana uku ina yi, ana ɗauke wuta ina tayar da janareta. Na shimfiɗa ciyawa shar, na jera itatuwan da suka zo da manhajar, na sa wata Baturiya tana jan kare a ƙofar gida. Ni a ganina na ƙure basira. Alhaji ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Yaro, wannan gidan a wane gari yake? Ina tankin ruwa? Kuma wannan tagar, baƙona zai zauna a falo yana hango iyalina a tsakar gida?” Maganar taga kuskuren fulan ne, ba nawa ba, amma hotona ne ya tona shi. An gyara kafin a sayi bulo ko ɗaya. Sauran kuwa laifina ne, kuma na sha kunya.

Manhajojin nan a ƙasashen sanyi aka yi yawancinsu, itatuwansu da mutanensu da ranarsu na can ne. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Landan tana 51. Ranarmu da tsaka tana kan ka, inuwa gajeriya ce mai kaifi. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ma ta ɓangaren arewa take bi, saboda haka bangon arewa da littafin Turai ya ce ba ya ganin rana, a nan yana gani. In ba ka shigar da garin da watan a manhaja ba, inuwar da ka nuna ƙarya ce. Sannan ga hunturu, lokacin da hazo ke mai da sama fari-fat. Ga jar ƙasa da ke taɓa gindin kowane farin bango bayan damina ɗaya. Ku fita da wayarku ku ɗauki hoton darbejiya da giginya, da makuba a bangon tsohon gida, da zankwaye da la'asar. Wanda zai iya zuwa Zariya ya je ya ga abin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a masallacin Juma'a tun ƙarni na 19, ya lura da yadda haske ke bin bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin. Daga irin wannan kallon ake samun ido, kuma ido ne ake biya.

Maganar samun aiki kuwa, hanya uku ce: ofishin masu zanen gini, kamfanonin da ke sayar da rukunin gidaje tun kafin a gina kamar yadda ake yi a Abuja, ko ka tsaya da ƙafarka kana karɓar aiki ta intanet. Ba wanda zai tambaye ka takarda kafin ya ga aikinka. Hotuna biyar masu kyau sun fi hamsin na cika fuska. Amma iya renda bai mai da kai akitek ba. Wannan suna sai da rajistar ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gini rajista a Najeriya, kada ka sa shi a katinka.

Ku karɓi kafin alƙalami. Ku rubuta sau nawa za a yi gyara, in ba haka ba Hajiya za ta sauya kalar kicin sau tara a kuɗi ɗaya. In za ku sayi kwamfuta, ku zuba kuɗin a katin sarrafa hoto, sannan ku tanadi sola ko inbata, don renda ta awa shida ba ta san uzurin wuta ba.

Wani ya miƙo takarda yana tambaya ko ƙirƙirarriyar basira za ta kore mu. Ina amfani da ita wajen gwada kala da yanayi. Amma takan ƙara taga inda babu, ta shafe ginshiƙi inda yake, kuma birkila ba zai iya aiki da wannan ba. Wanda ya sayi gida saboda hotonka zai riƙe hoton nan ranar karɓar makulli, yana kwatantawa ɗaki-ɗaki.

Shugaba yana nuna mini agogo. Masu tambaya su ɗaga hannu, mu fara da 'yan'uwa mata da ke baya.