Idan Kamfani Ya Yi Aikin Gwamnati, Wa Ke Da Takardun?

Jama'a masu sauraro, barkanku da war haka.

Ayyuka da yawa da muka san gwamnati da su, yanzu kwangila ake bayarwa: tafiyar da gidan yari, karɓar haraji, rarraba ruwan sha. Kuɗin na jama'a ne, aikin ma nasu ne. Amma ranar da ɗan jarida ya nemi ganin takardun, sai hukuma ta ce ba sa hannunta, kamfani kuma ya ce shi ai ba gwamnati ba ne. A haka maganar kan mutu.

Dokar 'yancin samun bayanai ta tarayyar Amurka, wadda aka yi a 1966, takardun hukumomi kawai ta shafa. A 1980 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa bayanan wani bincike kan ciwon sukari, wanda masana masu zaman kansu suka yi da kuɗin gwamnati, ba takardun hukuma ba ne, tunda hukumar ba ta taɓa karɓarsu ba. Har yanzu kamfanonin da ke tsare fursunonin tarayya ba sa ƙarƙashin dokar kai tsaye. Wannan giɓi ne babba, domin ba ikon da ya kai na kulle mutum nauyi.

Jihar Pensilbaniya ta Amurka ta bi wata hanya. Dokarta ta 2008 ta ce idan hukuma ta ɗora wa kamfani aikin gwamnati, duk takardar da ta shafi aikin kai tsaye ta jama'a ce, ko da tana ofishin kamfanin. To, mene ne aikin gwamnati? A 2012 kotun ƙolin jihar ta amsa, a shari'ar wani kamfani da hukumar yanki ta damƙa wa filin wasanta. An nemi takardun neman kwangilar sayar da abinci a filin, kamfanin ya ƙi, kotu ta ce a bayar. Dalilinta shi ne ainihin aikin hukumar aka miƙa masa, ba ɗan aikin gefe ba. Wanda ya sayar wa ma'aikata takardar rubutu ko ya gyara mata rufi bai shiga wannan sahu ba, kuma sauran harkokin kamfanin da ba su taɓa aikin ba nasa ne. A ganina, wannan ma'auni ya yi adalci.

Dokar Najeriya ta 2011 ta fi haka faɗi a rubuce. Ta haɗa da kamfanoni masu amfani da kuɗin jama'a, ko masu yi wa jama'a hidima, ko masu yin aikin hukuma, ta kuma ba da kwana 7 a amsa. Sai dai idan kamfani ya yi kunnen ƙashi, mai nema sai ya tafi kotu, kuma ba kowa ke da ƙarfin ɗaukar lauya ba.

Kamfanoni kan ce suna tsoron tonon sirrin kasuwancinsu. Tsoron na da tushe, kuma dokokin sun tanadi ɓoye wannan ɓangaren. Amma nawa aka biya, me aka yi, mutum nawa suka mutu a tsare, waɗannan ba sirrin kasuwanci ba ne. Shi ya sa ya kamata tun ranar sa hannu a rubuta cikin kwangilar cewa kwafin takardun aikin zai riƙa zuwa hannun hukuma, kuma kamfanin da ya ƙi ba za a biya shi ba.