Yadda tsamin ruwan khal ya hau busasshen dankalin Pringles

Masu kallo, duk wanda ya taɓa buɗe shuɗin gwangwanin Pringles mai ɗanɗanon gishiri da ruwan khal ya san cewa hanci ne yake fara ba da labari, domin da zarar an ɓare takardar da ta rufe bakin gwangwanin sai wani ƙamshi mai kaifi ya taso, kuma kafin falle ɗaya ya isa harshe yawu ya riga ya taru a baki. Sai dai ruwan khal, kamar yadda sunansa ya nuna, ruwa ne, shi kuwa soyayyen dankali babu abin da ya ƙi jini kamar danshi, tunda ɗigo kaɗan ya isa ya mayar da shi laƙwas. To, ta yaya tsamin ya hau kansa, kuma ya zauna ƙamas har tsawon watanni?

Haɗin gishiri da ruwan khal ya girmi Pringles nesa ba kusa ba, kuma gidansa Birtaniya ne. Tun ƙarni na 19 mutanen ƙasar suke cin soyayyen kifi da dankalin turawa, su barbaɗa gishiri, su yayyafa ruwan khal na sha'ir domin tsamin ya yanke maiƙon. Dankalin leda kuwa ya daɗe ba shi da wani ɗanɗano, har kamfanin Smith's yakan ƙulle gishiri a 'yar shuɗiyar takarda ya jefa ciki, mai saye ya barbaɗa da hannunsa. A 1954 Joe Murphy ya kafa kamfanin Tayto a birnin Dublin, inda aka gano hanyar sa ɗanɗano tun daga masana'anta, aka fara da cuku da albasa. A 1967 Smith's ya baza nau'in gishiri da ruwan khal a faɗin Birtaniya, ya kuma samu karɓuwa saboda ɗanɗano ne da bakin mutane ya riga ya saba da shi.

Dabarar da ta warware matsalar danshi ita ce mayar da tsamin gari. Abin da ke sa ruwan khal tsami shi ne sinadarin asid na asetik, wanda a ruwan khal na girki yawanci bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, sauran kusan duk ruwa ne. Idan aka haɗa wannan asid da gishirinsa na sodiyam, ana samun wani farin gari mai suna sodiyam dayasitet, wanda yake riƙe asid ɗin a bushe har sai ya gamu da laima. Wata hanyar kuma ita ce a busar da ruwan khal ɗin kansa a jikin garin da aka sarrafa daga sitaci. Kamfanoni sukan ƙara asid na malik, irin wanda ke cikin tuffa, tare da ɗan sukari domin kaifin kada ya wuce gona da iri. Saboda haka yawun mai ci ne yake kammala aikin masana'anta, domin shi ne ruwan da yake narkar da garin ya saki tsamin a kan harshe.

Shi kansa fallen da aka barbaɗa wa garin yana da nasa tasirin. A 1956 kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya ɗora wa wani masanin sinadarai, Fredric Baur, aikin magance koke-koken masu saye game da dankalin da ke farfashewa a leda, ga maiƙo, ga iska ta cinye rabin wurin. Shi ya fito da siffar nan mai kama da sirdin doki, wadda take ba fallayen damar hawa kan juna, da kuma dogon gwangwanin da ke kare su, aka fara sayarwa a 1968. Baur ya yi alfahari da gwangwanin nan har ya bar wasiyya, kuma da ya mutu a 2008 iyalansa sun binne wani ɓangare na tokar gawarsa a cikin guda ɗaya.

Ba yanka dankali ake yi a soya ba. Busasshen garin dankali ake kwaɓawa da garin masara da na shinkafa da sitaci, a murza shi ya yi faɗi, a yanke shi daidai wa daida, sannan a soya shi na 'yan daƙiƙoƙi a cikin mazubin da ke lanƙwasa shi. Dankalin da ke ciki kusan kashi 42 cikin 100 ne kawai, abin da ya kai kamfanin ga yin shari'a da hukumar harajin Birtaniya a kan ko wannan abu dankali ne ko kuwa, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a 2009 cewa dankali ne kuma sai an biya masa haraji. A ganina wannan ƙarancin dankali shi ne ya sa nau'in ruwan khal ya dace da Pringles, domin kwaɓin ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi da zai yi gogayya da tsamin.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wato gefe ɗaya na fallen ne yake samun mafi yawan barbaɗin. Wanda ya ɗora wannan gefe a kan harshe zai ji tsamin ya buge shi nan take, wanda ya juya shi kuwa zai fara jin garɗin suya kafin tsamin ya biyo baya.

A cikin baki abubuwa suna faruwa da sauri. A 2018 masu bincike a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ƙarƙashin Emily Liman, sun gano wata 'yar kafa mai suna OTOP1 a ƙwayoyin ɗanɗano na harshe, wadda ta cikinta ake jin tsami. Tsami yana tsinka yawu, kamar yadda duk wanda ya tsotsi tsamiya ya sani, yawun kuma yana narkar da gishiri da sauri, sai ɗanɗanon biyu su taso tare. Bayan 'yan daƙiƙoƙi yawun ya wanke su, fallen ya narke ya bar sitaci salam, kuma a daidai wannan gaɓa ce hannu yake komawa gwangwani, tare da tabbacin cewa falle na gaba ba zai bambanta da na baya ba.

Kunne ma yana da rabo. A 2004 Charles Spence da Massimiliano Zampini sun sa mutane gatsar Pringles a Jami'ar Oxford suna sanye da na'urar sauraro, kuma duk lokacin da aka ƙara ƙarfin ƙarar gatsar sai masu cin su ce fallen ya fi sabunta, alhali fallayen duk iri ɗaya ne.

Wanda ya cinye gwangwani guda a zama ɗaya zai iya jin harshensa yana raɗaɗi, domin asid da gishiri da kaifin ɓarɓashi sun taru a kan fata mai laushi. Asid ɗin yana kuma tausasa rufin haƙori na ɗan lokaci, shi ya sa likitocin haƙori suke ba da shawarar a kurkure baki da ruwa, a jinkirta goge haƙora na aƙalla rabin sa'a. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, kuma wannan adadi ya haɗa har da na miyar rana da ta dare.