Singiltan da rigimar zare biyu

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon kodin, yau kan singiltan za mu tsaya. Kilas ne da ake so ya haifar da objek guda ɗaya tak duk faɗin manhaja. A Java sai ka sa kwanstirakta ɗinsa, wato ɓangaren da ke ƙera objek, ya zama private don kada a kira shi daga waje, ka bar ƙofa ɗaya, getInstance, kowa ta nan zai bi. Tun 1994 aka san shi cikin tsare-tsaren rubuta manhaja 23 da Erich Gamma da abokansa uku suka tattara a littafinsu Design Patterns.

To ina matsalar? Ku ɗauka ƙungiyar manoma ce a wani ƙauyen Ringim, an ce littafin rabon taki ɗaya ne, in babu shi a sayo. Sakatare ya leƙa sito bai ga littafi ba ya hau mashin sai Gujungu, kafin ya dawo ma'aji ma ya leƙa bai gani ba shi ma ya tafi ya sayo nasa, yanzu ga littafi biyu kowa na rubuta buhuna a nasa, lissafi ya dagule. Haka zare biyu ke yi, wato thread, layukan aiki da ke gudana lokaci guda a cikin manhaja, na farko ya duba ya ga null, wato babu objek, kafin ya gama ƙera objek na biyu ma ya ga null. Abin haushin ba kullum yake faruwa ba, za ka gwada a laftof ɗinka lafiya lau sai an ɗora a saba (server) sannan ya tona maka asiri.

Maganin farko ka sa synchronized a getInstance, wato kwaɗo. Yana aiki, amma kowa sai ya bi layi ko da objek ɗin ya daɗe da samuwa. Shi ya sa wasu ke duba sau biyu, ɗaya kafin kwaɗo ɗaya bayansa. A nan fa a kula, dole sai ka sa kalmar volatile a bariyabul ɗin da ke riƙe da objek ɗin, in ba haka ba wani zaren na iya karɓar objek da ba a gama haɗa shi ba, kuma sai a Java 5, a 2004, wannan dabarar ta zama abin dogaro.

Ni dai wallahi enum na fi so, wato kilas mai ƙayyadaddun objek, layi kaɗan ne kuma JVM, injin da ke gudanar da Java, da kanta ke tabbatar da guda ɗaya ne. Masu C++ kuwa tun C++11 bariyabul static na cikin fanshin ya wadatar.

Amma ko kun samu objek ɗaya, in yana da kawunta ko lis a ciki da zaruruwa ke canzawa, su ma sai kun ba su nasu kwaɗon daban.